Muryar Da Ke Bayan Kashi Na Sha Biyu

Masu karatu, sallama gare ku, na kusa da na nesa. Wata baiwar Allah ta yi mini magana a ƙasan rubutuna, wai me ya sa duk lokacin da aka ɓarke da hirar fim ni ba na sa baki, ko ustaziya ce ni? 'Yar'uwa, ba ustazanci ba ne. Da kin san ni shekara biyu da suka wuce, da ke za ki roƙe ni in yi shiru. Gyara zama ki ji. Amma don Allah in na gama kada kowa ya ce mini in yi haƙuri, na ji kalmar nan har ta daina shiga kunnena.

Ni ce Khairiyya, babbar 'yar Malam Barau. Mu mutanen Darini ne ta ƙasar Batsari, amma shekara uku ke nan muna zaune a Safana, tun daminar da mutanen daji suka kore shanun Baba, suka ce wanda ya sake taka gonar bayan gari ya yi sallama da iyalinsa. Ɗaki biyu muka samu da 'yar rumfar kara a tsakar gida. Baba da Umma a ɗaya, ni da ƙanwata Zuwairatu da Kaka, mahaifiyar Baba, a ɗayan. Baban da yake cika rumbu uku, yanzu awo yake yi wa wasu a bakin kasuwa.

Wanda zan aura sunansa Najib, mai gyaran waya a bakin tashar Batsari. Wayata ce ta faɗa ruwan wanki lokacin da na je gidan goggona a can, na kai masa. Da ya tashe ta ya ga abin da ke cikin memori, sai ya ɗago ya ce, "Ke duk wannan fim ɗin ke kaɗai kika cinye?"

Na ce, "Gyara na kawo, ba bincike ba."

Daga nan aka fara. Kafin shekara ta zagayo magabatansa sun kawo gaisuwa, saura sa rana.

Sai aka yanke sabis a yankinmu. Ku na birni ba za ku gane ba. Wata da watanni waya ta koma tocila. Najib ne ya samo mana dabara. Zai loda mini sabon kashi na fim a memori, sannan ya ɗauki muryarsa yana faɗin yadda ya ga fim ɗin, ya ajiye a cikin foldar. In na kalla, ni ma in ɗauki tawa in mayar masa. Kaka ce 'yar aikenmu, don duk sati biyu sai ta hau a-kori-kura ta je Batsari wurin 'yarta, kuma ba mai binciken tsohuwa a shinge. A bakin mayafinta take ƙulle memorin tare da goronta. In ta dawo sai ta tsaya a ƙofa ta riƙe ƙullin ta ce, "Angona ya yi aike, amma sai an dama mini fura tukuna."

Wani fim mai dogon zango muke bi, labarin wani direban tirela mai suna Jinjiri da matarsa Asta. Ni ba abin da ke wuce ni. Kujerar da ke falon attajiri ita ce a gidan alƙali, ita ce kuma a gidan surukar Asta, wai sun lulluɓa mata wani ƙyalle don kada mu gane. Asta za ta tashi daga barci da jan baki da gazal. Duk ƙasar 'yan sanda biyu ne, ɗayan ma na taɓa ganinsa yana sayar da rake a kashi na uku. Najib kuwa kare su yake yi. "Haba, ki bar bayin Allah mana, kujera ɗaya Allah ya hore musu." Shi ya laƙaba mini Alƙaliya, wai ba wanda ke fita daga kotuna da gaskiya. Ba wanda ya san sunan nan sai ni da shi, sai Kaka da take kasa kunne tana yi kamar gyangyaɗi take.

A kashi na sha ɗaya aka kama Jinjiri a wata ƙasa da kayan da ba nasa ba, aka jefa shi kurkuku, masu fim suka tafi hutu. A saƙon da ya biyo bayan wannan Najib ya ce, "Sha biyu kuwa, duk ranar da ya fito, ba mai kallo sai muna zaune a tabarma ɗaya a ɗakinmu. Kin yarda?" Na mayar masa na ce na yarda.

Bayan sati biyu ya hau mota zai zo Safana gaida Baba. Da rana tsaka aka tare su. Mutum tara aka shiga da su daji. An fi wata guda, sannan wani dattijo da ya kuɓuto ya ce ya ga Najib ya faɗi a hanya, ya ji harbi a bayansa, bai iya waiwayawa ba. Ba gawa, ba kira. Aka yi zaman makoki a gidan mahaifiyarsa, aka yi sadaka, aka watse aka bar ta da ƙannensa mata uku. Ni ba takaba a kaina tunda ba a ɗaura ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Mai takaba kowa ya san ranar da za ta fita. Ni ba wanda ya gaya mini ranar da zan daina.

Bayan ƙaramar salla sha biyu ya fito, lokacin sabis ya dawo. Duk Safana aka kalla. Zuwairatu ta samo a wurin ƙawarta, ita da Kaka suka haɗa kai a kan waya ɗaya, ni na fita rumfa na zauna ina tsince shinkafar da aka riga aka tsince. Ban kalla ba. Tun daga nan ban sake kallon komai ba.

Yanzu bari in gabatar muku da Malam Almustapha. Malamin sakandare ne, daga Malumfashi aka turo shi. Dogo, siriri, shaddarsa kullum ta sha guga har tana ɗaukar ido, hula zanna bukar, biro biyu a aljihun gaba, ja da shuɗi. Yana da babur da yake gogewa da hankici kafin ya hau. Mutumin kirki ne, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Zancenmu bayan la'asar ne, don yanzu a nan ba mai zance da dare, kafin magariba kowa ya kama gidansu. Saƙonninsa kuwa kamar takardar ofis:

"Assalamu alaikum Malama Khairiyya. Da fatan kin tashi lafiya. Na karanta cewa shan ruwa da sassafe yana da amfani ƙwarai. Na gode."

Ni kuwa in rubuta masa, "To."

Wata biyar yana zuwa ina ce masa to. Umma ta fara gajiya. Saurayin Zuwairatu sau biyu yana turo mutanensa ana ce musu sai yayarta ta tashi. Zuwairatu ba ta taɓa ce mini komai ba, sai dai in muna shara ta riƙa buga tsintsiya da ƙarfi. Umma kuwa ba ta ɓoye-ɓoye. "Wanda ya tafi ya tafi, Khairiyya. Kin tare ƙofa, ke ba ki shiga ba, ba ki bar ta bayanki ta wuce ba."

Ranar Litinin Baba ya kira ni. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Ni ba zan yi miki dole ba, kin san halina. Amma mutumin nan ya turo magabatansa, kuma ɗan mutane ba buhun gero ba ne da za a jingine shi a lungu. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ina son in ji e ko a'a."

Ashe Zuwairatu ta tsegunta wa Malam cewa ni mayyar fim ce a da. Bawan Allah da ba ya kallon komai sai labarai da shirin namun daji, ya tashi ya je shagon Armaya'u mai tura fim a bakin kasuwa, ya ce a loda masa labarin Jinjiri tun daga farko. Kwana uku ya cinye kashi goma sha biyu.

Ranar Alhamis ya zo. Na sa atamfata mai ruwan ganye da farin hijabi, na shimfiɗa tabarma a zaure, na kawo ruwa a kofin silba. Kaka ta zauna a bayan ƙofar zauren da tiren zogale tana tsinkewa, wai iskar wurin ta fi daɗi. Bayan an gaisa, an tambayi gida da aiki da ɗalibai, sai ya zaro littafin rubutu daga aljihu.

"Malama Khairiyya, na yi aikin gida."

"Wane aiki kuma, Malam?"

"Na kalli Jinjiri. Kuma na fitar da abubuwa bakwai."

Daga bayan ƙofa Kaka ta ce, "Kai malamin boko, kai ma sun kama ka?"

"Sun kama ni, Kaka. Na farko, darasin haƙuri. Asta mace ce abar koyi."

"Wace Asta? Wagga mai kukan tsiya? Mace ba ta daka, ba ta tankaɗe, sai zama bisa kujera tana tsiyayar hawaye. Ni uwar mijin ta fi burge ni, ita ce mai aikin yi."

"Ai Kaka ita ce muguwar fim ɗin."

"Mi ta yi? Don ta ce a tashi a yi shara?"

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Rabona da ita har na manta. Malam ya dube ni kamar wanda aka ba kyauta, ya yi sauri ya juya shafi.

"Na biyu, a kashi na sha biyu, inda..."

"Ban kalli sha biyu ba, Malam."

"Subhanallahi! To ba zan ɓata miki ba."

"Ɓata mi?" in ji Kaka. "Ko akuyar gidan nan ta san ya dawo. Shekara bakwai, ya fito da farar shadda da mota, ta faɗi ta suma, aka yayyafa mata ruwan leda."

Gaskiyarta, na riga na ji a bakin matan famfo. Na ce ya ci gaba kawai.

Ya rufe littafin, ya gyara zama. "Ni abin da ya fi taɓa ni ba dawowar ba ce. Ɗan ƙarin nan ne da suka sa a baya, Armaya'u ya rubuta masa sha biyu B. Ba hoto, murya ce kawai. Wai wani mutum ne a tsare a wani wuri, shi ma ya kalli fim ɗin, yana ba masoyiyarsa labarin yadda ya gan shi. Kin ga dabara? Darakta ya sa fim yana sukar kansa da kansa. Wannan ita ce fasaha."

"Mu namu ba shi da wani bi," in ji Kaka.

"To ai an cuce ku. Bari ku ji, minti biyu ne."

Ya danna, ya ɗora wayar a kan tabarma tsakaninmu.

Da farko iska ce kawai, shuuu. Can nesa saniya ta yi kuka, wani yana tari. Sai aka yi gyaran murya, sau biyu, gajeru. Tun a nan na gane ko wane ne.

"Alƙaliya, salamu alaikum. Ki yafe ni, na kalli sha biyu. Ba ni na so ba. Nan kusan kullum sai an kunna, kuma ni ke riƙe wayar. Ni ke yi musu caji da gyara, shi ya sa har yanzu nake numfashi. To ga ra'ayina, tunda kin saba ji. Yau dai na bi bayanki, mutanen nan maƙaryata ne. Wai mutum ya yi shekara bakwai a tsare ya dawo da kumatu da farar shadda. Ba haka ake dawowa ba. Wanda ya daɗe a irin wurin nan, ko ya dawo, a bakin ƙofa zai tsaya yana jin kunyar mutane, su kuma suna tsoronsa. Kuma kujerar nan, Alƙaliya, har kurkukun sun kai ta, tana ofishin shugaban gidan yari. Da na gan ta na yi dariya, aka ce me nake wa dariya, na ce ba komai."

Ana jin numfashinsa.

"Ƙafar ta warke, ɗingishi ne kaɗan. In Allah ya sa wannan ya iso ki, kada ki gaya wa kowa, ko tsohuwata. Kin san abin da ake yi wa dangin wanda aka ce yana yi musu aiki. Ku bar ni yadda kuka ajiye ni. Asta ta jira ne don fim ne. Ke kada ki..."

Daga nesa wani ya ƙwala kira, "Kai mai waya!" Sai ƙit.

"Kin ji ko?" in ji Malam, idonsa na ƙyalli. "Har da kukan saniya suka sa. Wallahi wanda ya yi muryar nan ya fi Jinjirin iya wasa."

Ni dai ina zaune. Na ga bakinsa yana motsi, na ga ƙuda ya sauka a bakin kofi, na ga zaren da ya zare a gefen tabarma. Sai ga Kaka ta fito, zogale duk a zaninta.

"Malam, rana ta yi sanyi, ka kama hanya. Ɗiyar nan tun safe kanta ke sarawa, kunyarka ta sa ta fito."

Ya miƙe yana ta sannu, yana ba da shawarar magani. Da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace, Kaka ta ja ni ɗaki ta sa sakata. Umma ta je barka maƙwabta, Zuwairatu tana islamiyya.

"Kaka, yana da rai."

"Rufe mini baki."

"Shi ne, Kaka, kin ji shi, kin ji..."

"Na ji. Ni na ɗauki muryar nan a bakin mayafina wata nawa, ke za ki gaya mini? Shina da rai ranar da ya yi maganar. Yau ba ki sani ba, ni ma ban sani ba."

Yadda abin ya zo shagon Armaya'u ban sha wahalar ganewa ba, don Najib da bakinsa ya sha yi mini mitar masu tura fim. Duk wanda ya kawo musu memori, in suka ga wani abu da ba su da shi, kwashewa suke yi su zuba a kwamfutarsu ba tare da sun buɗe ba, gobe su tura wa wani. Mutanen daji su ma kallo suke yi, kuma suna da masu shigo musu gari da memori a loda musu sabo. Najib ya san haka. Ya ajiye maganarsa a cikin foldar fim ɗin kamar yadda ya saba, ya san a Safana nake, ya san duk daɗewa zan je in ce a tura mini sha biyu. Ni kuwa ina rumfa ina cika alkawari. Wata nawa muryarsa ta yi a bakin kasuwa, taku kaɗan daga inda Baba yake awo, Allah kaɗai ya sani.

Kaka ta riƙe mini hannu biyu. "Kin tuna gidan mai burodin nan na garinmu? Cewa kawai aka yi an ga shina kai wa mutanen daji burodi. Ba a tambaye shi ba, ba a tambayi matarsa ba. Aka banka wa gidan wuta, ko tukunya ba a fitar ba. Yaron nan ya fi ki hankali, shi ya sa ya ce a bar shi. Mutanen Safana ba su san muryarsa ba, za su yi ta ɗauka fim ne har su gaji. Gobe ki ce wa ubanki e. Uwarsa ta zauna lafiya, ƙannensa su zauna lafiya, har shi Armaya'un da bai san abin da ya kwasa ba."

"In auri wani alhali na san..."

"Ba a ɗaura muku ba, ba ki saɓa wa Allah ba. Abin da za ki ji a ranki kuwa, wannan naki ne, ki riƙe shi. Mu ma kowace da nata."

Yadda na kwana ba sai na faɗa ba. Da safe saƙon Malam ya shigo:

"Assalamu alaikum Malama Khairiyya. Ya ciwon kan? Na sa ki a addu'a da asuba. Duk abin da kika yanke yau, ba zan ga laifinki ba. Na gode."

Masu karatu, ku zage ni in kuna so, amma na yanke zan ce e. Na lissafa mata huɗu a gida ɗaya ba namiji, na lissafa Zuwairatu, na tuna shi da kansa ya ce kada in jira. Na yi wanka, na sa leshina ruwan sararin samaniya na sallar bara. Umma da ta ga na shafa hoda sai ta shiga ɗaki ta fito da mayafinta na cikin akwati ta yafa mini, tana ta gyara mini shi a kafaɗa.

Aka sauko daga Juma'a. Baba ya shigo ya zauna a buzunsa a ƙarƙashin rumfa, Kaka a gefensa. Tare Baba da Malam suka taho daga masallaci, Malam ya tsaya a zaure yana jira. Umma ta ce in fara kai masa ruwa.

Ya sha babbar riga ruwan ƙasa, sai zufa yake yi. Ya karɓi kofin. Ina nan tsaye, sai ya laluba aljihu ya ciro waya.

"Af, abin nan na jiya. Da safe na tura shi a guruf ɗinmu na malamai, aka yi ta muhawara, wasu wai ba cikin fim ɗin yake ba. Na kashe wayar da zan shiga masallaci, bari mu ga inda suka kwana."

Kafin in buɗe baki ya kunna. Saƙonni suka riƙa shigowa, ƙil, ƙil, ƙil. Ya juyo mini da fuskar wayar yana murmushi, muka karanta tare. Na ƙarshen daga wani malami ne ɗan Batsari, tun sha biyu da rabi:

"Malam ina ka samo wannan? Ba fim ba ne. Na san muryar nan, yaron bakin tasha ne mai gyaran waya da aka ce ya mutu. Ashe aiki yake yi musu. Na tura wa mutanenmu su ji."

Murmushin ya daɗe a fuskarsa, kamar an manta da shi a wurin. Sannan ya ɗago a hankali.

"Malama Khairiyya, wanda aka ce mini kin rasa, wace sana'a yake yi?"

"Gyaran waya."

Ya cire hularsa ya riƙe. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na zaci fasaha ce. Wallahi na zaci fasaha ce."

Na bar shi a nan na shiga. Na durƙusa a gaban Baba. Kaka ta kafe ni da ido tana ɗan gyaɗa kai, wato in faɗi abin da muka shirya.

"To, Khairiyya, ina jin ki."

"Baba, Najib bai mutu ba."

Umma ta saki salati, murfin kwano ya faɗi daga hannunta. Kaka ta rufe ido. Na faɗa masa komai a gurguje, memorin, muryar, da saƙon da muka karanta yanzu. Na ce, "Da niyyar e na fito, Baba, Allah ne shaidata, don in rufa musu asiri. Yanzu ko na ce e ba wanda zan rufa wa. Kuma ba zan iya ba. Ka yafe ni."

Baba bai yi faɗa ba. Ya ajiye carbin a kan buzu.

"Mutum nawa suka ji?"

Daga bakin zaure Malam ya amsa. "Mu sittin da uku ne a guruf ɗin, Baba. Kuma an tura Batsari tun kafin a shiga masallaci."

Baba ya ɗaga kai ya dubi rana. Kowa a tsakar gidan ya san abin da yake dubawa. Motar Batsari ta ƙarshe tun hantsi take tashi, kuma daga la'asar ba mai hankalin da ke bin hanyar nan.

"Mahaifiyar yaron nan ita kaɗai ce da 'yan mata uku," in ji shi. "An sauko daga masallaci, yanzu kowa yana majalisa da waya a hannu. In ba a fitar da su an kai su gidan 'yar'uwata kafin magariba ba, ban san me za a tarar gobe ba. Wayarta tun rasuwar aka sayar, ita kuma 'yar'uwar tawa ba za ta iya tunkarar unguwar ita kaɗai ba." Ya jawo takalmansa.

"Malam, kai da kanka?" Umma ta ce wa Baba. "A hanyar nan?"

"Sun zo gidana sun gaishe ni a kan 'yata. Ba zan zauna a buzu in ji labari ba."

Ya miƙe ya nufi zaure, muka bi shi. Ya tsaya a gaban Malam Almustapha.

"Malam, ka ji amsar 'yata da kunnenka, ba sai na maimaita ba. Ba ni da bakin roƙonka. Amma babur ɗinka ne kaɗai a ƙofar gidan nan."

Malam ya dubi makullin da ke hannunsa. Ya dube ni, na sunkuyar da kai, don ba ni da idon da zan kalle shi da shi. Mutumin da aka turo aiki garin da ba nasa ba, aka ƙi shi yanzu a gaban mutane, ana so ya bi hanyar da ta cinye wanda aka ƙi shi dominsa. Da ya ce a'a, wallahi ba wanda zai ga baƙinsa.

Sai ya tuɓe babbar rigar, ya ninke ta sau uku, ya miƙa wa Kaka.

"Riƙe mini, Kaka, za ta shiga taya." Ya juya wurin Baba. "Akwai mai, Baba. Mu tafi."

Uku saura kwata suka bar ƙofar gidanmu. Aka kira la'asar, aka idar. Zuwairatu ta kawo mini kujera na ƙi zama. Har ladan ya ɗaga murya da kiran magariba ina tsaye a zauren nan, mayafin Umma a kafaɗata, ina kiran lambar Malam. Tana shiga, ba a ɗauka.